Kunkurun Alhaji da Takabar Hajiya

Har yau ban manta da hantsin Juma'ar nan ba, da na zauna a kan dutse a bayan katangar gidan marigayi maigidana a Kazaure, waya a kunne, ina koya wa mace mai takaba yadda ake tayar da injin gas. Ku da kuke koyon tuƙi da gyara a garejin nan kun sha tambayata abin da ya sa nake bi gida-gida ina tayar da motocin da ba nawa ba, kuma babu inda za su je. Wasunku har dariya kuke yi in na ba da baya, ina jin ku. To ga asalin abin. Na rubuta da ɗan bokon da nake da shi, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Sunana Habu. A aji uku na sakandare na tsaya. Na yi shekaru ina jan motar kaya a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma, a ƙaramin mataki, irin wanda in ka gai da babba da kai yake amsa maka, ba da baki ba. Da aka zo tantance ma'aikata aka ce kowa ya kawo takardar gama makaranta. Na ce ba ni da ita, amma a ba ni mota a gani. Ba a ba ni mota ba, ƙofa aka nuna mini. Wannan wani labarin ne daban, in na fara shi raina ɓaci yake yi.

Alhaji ne ya ɗauke ni bayan nan. Ɗan kasuwa ne, riɗi da gyaɗa da zoɓo yake saye. Da kaka ta yi sai ya shiga kasuwanni, yau Babura, gobe Kanya Babba, jibi Roni ko Gwiwa, wani lokacin mu yi mako ba mu ga gida ba. Yana fama da ciwon baya, kuma mutum ne da ba ya son kwana a gidan mutane. Shi ya sa ya sayo wata mota daga Kwatano wadda ban taɓa ganin irinta ba kafin nan. Daga gaba mota ce, daga baya ɗaki ne sosai: gado, ɗan teburi, murhun gas, firji, esi, tankin ruwa da famfonsa, har da ban-ɗaki. Tana da janareta a cikin cikinta, da faifan sola a kan rufi. Yaran unguwa suka sa mata Kunkuru, wai don da gidanta take yawo, sunan kuwa ya bi ta.

Aikina kashi biyu ne. Daga kaka zuwa ƙarshen rani muna kan hanya. Da ruwa ya sauka sai a shigar da Kunkuru filin bayan gida, wanda katanga ɗaya ta haɗa shi da sashen Hajiya, matar Alhaji, ta zauna nan har damina ta wuce. A waɗannan watannin kowace Juma'a da hantsi nakan je in tayar da injin ya yi zafi sosai, in tayar da janareta in ɗora masa esi ya ja, in kunna firji, in buɗe famfo ruwa ya zuba, in zuba ruwa a ban-ɗaki in taka fedarsa ruwan ya wuce, sannan in matsa da motar gaba kaɗan, in dawo baya, in tsayar da ita ba daidai inda ta kwana ba. Wanda ya sayar wa Alhaji ne ya ce a riƙa yin haka. Wasu dalilan na sani, wasu kuwa ina yi ne kawai don an ce a yi. Ba a biyana don in yi tambaya.

Alhaji ya rasu a farkon daminar shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da kowa ke kallon gas kamar turare. Bayan an share zaman makoki dangi suka naɗa ƙaninsa, Alhaji Ƙarami, wakilin dukiya. Ga wanda bai san tsarin ba: daga ranar da mutum ya mutu, duk abin da ya bari ya tashi daga nasa ya koma na magada gaba ɗaya, babu mai cewa wannan nawa ne sai an raba. Wakili shi ke tsarewa. A magadan Alhaji akwai ƙananan yara marayu, kuma an riga an yi shuka a gonakinsa, don haka aka ce rabo sai an girbe. Wata huɗu ko biyar ke nan.

Ba zan yi wa Alhaji Ƙarami ƙarya ba, duk da ba ma shiri. Mutum ne mai tsoron Allah har tsoron ya yi masa yawa. Ya bi gidan ya tattara makullai, na sito da na shago da na motoci, ya zuba a jaka. Ya ce ko allura ba za a taɓa ba. Ya sayo sabon tamfol da kuɗin aljihunsa ya sa aka lulluɓe Kunkuru ruf, aka ɗaure da igiya, don kada ruwa ya taɓa dukiyar marayu.

Juma'a ta zo na same shi a zaure da mutane, na durƙusa na gaishe shi, na ce a ba ni makulli zan tayar da mota. Ya tambaye ni ina za ta je. Na ce babu inda za ta je. Ya dube ni da gaske, ba da raini ba, yana son ya gane. Ya ce to in babu inda za ta je, me za a ƙona man marayu a kai? Man da ke cikin tankin nan ma gado ne.

Da ina da bakin bayani, da a nan maganar ta ƙare. Amma ni ban iya lallashi ba, kuma raina a dagule yake, don Kunkuru ita ce aikina. Lissafina shi ne, in ta kai ranar rabo da ranta, duk wanda ta faɗo hannunsa dole ya riƙe ni, tunda babu wanda ya san ta a garin nan sai ni. In kuwa ta mutu a ƙarƙashin tamfol, na koma gindin bishiya da shekara hamsin a kaina. Maimakon in faɗi wannan, sai na ce masa, a gaban mutane, wanda bai taɓa riƙe abin da ya fi keke ba bai kamata a ba shi makullin mota ba.

Alhaji Ƙarami ya miƙe ya rantse da Allah cewa hannuna ba zai ƙara taɓa motar nan ba, ƙafata ba za ta taka filin nan ba, har a raba gado. Na kaɗe rigata na fita. Ina tafe ina cewa a raina gaskiya na faɗa, amma gaskiyar ba ta ba ni makulli ba.

Makonni suka wuce. Nakan bi ta bayan gidan in hangi ƙusurwar tamfol ta saman katanga, in yi ta tunanin abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Wannan tunanin ya fi rashin aikin cina. Me ke fara mutuwa a mota in an bar ta? Batir ne, ko taya? Ban taɓa barinta ba balle in sani.

Ana nan sai wayata ta yi ƙara, lambar Hajiya. Tana cikin takaba, wato wata huɗu da kwana goma ba fita, ba ado. Shekarun da na yi a gidan ban fi gaisuwa da ita ba. Bayan na yi mata ta'aziyya ta ce, "Malam Habu, me ya sami Kunkuru? Shekara da shekaru ƙararta na hana ni sakat ran Juma'a, ina ta mita. Yanzu kuma shirun ne ya hana ni sakat."

Na kwashe labari na gaya mata, har da maganar keke. Ta ce lallai ban kyauta ba. Daga nan ta shiga yi mini tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali. In an bar ta me zai lalace? Wanda ya lalace yana gyaruwa? Ana samun kayanta a Kano? Na ce wasu sai Kwatano, wasu ko can sai an dace. Ta ce in zo ƙofar gida gobe bayan la'asar, amma kada in shigo.

Washegari ina tsaye a waje jikin ƙofar zaure, Alhaji Ƙarami na ciki, Hajiya na bayan labulen ƙofar cikin gida, ina jin su. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye shi shanun Alhaji da ke hannun Fulani a Gwiwa, su ma an ɗaure su ne an lulluɓe har ranar rabo? Ya ce a'a, ai su masu rai ne, dole a kai su kiwo a ba su kanwa. Ta ce to kanwar daga ina take fita, ba daga dukiyar ba? Ya ce daga dukiyar ne. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma wanda ya sani ya ce wannan ma tana da nata kiwon. In man ne damuwarsa, tana da tumakinta na kanta, za ta sayar da guda, duk abin da aka ƙona a mayar.

Ya ce zai tambayi malamai. Ya kuwa tambaya, ya dawo ya ce an ce masa tsare dukiya daga lalacewa yana cikin aikin wakili. Sai dai ga rantsuwa. An ce masa yana iya yin kaffara ya warware, ya ce shi ba zai yi azumi a kan Habu ba. Babu kuma wani direban da ya yarda ya taɓa motar, kowa na tsoron ya lalata abin marayu a ce ya biya.

Hajiya ta ce, "Baffan yara, a kan hannun Malam Habu ka rantse, da ƙafarsa. Ba ka rantse a kan nawa ba, ba ka kuma rantse a kan bakinsa ba."

Haka aka miƙa mata makulli. Ni kuma na sami dutsen nan a bayan katanga, a gefen titi, inda nake jin komai ba na ganin komai.

Ranar farko ba mu tayar da komai ba. Ta sa makulli ta murɗa, ta ce ba ta ji komai ba sai ɗan ƙas. Batir ya kwanta. Akwai wani makunni a gefen sitiyari da ke aro wuta daga batiran ɗaki, na ce ta danna, nan ma shiru. A nan na gane abin da tamfol ya yi. Ya rufe faifan sola, wanda shi ke ciyar da batiran ɗaki. Alhaji Ƙarami ya kashe kuɗinsa ya kare motar daga ruwa, ya hana ta rana. Matan gidan suka taru suka yaye tamfol, ina jin su suna ihu ɓeraye na tsalle. Muka bar ta ta sha rana har wata Juma'ar.

Ita ce Juma'ar da na fara da ita. Na ce ta murɗa makulli rabi ta jira wata fitila mai kama da igiya a naɗe ta mutu, ta danne makunnin aro, sannan ta murɗa gaba ɗaya. Injin ya ja da ƙyar, ya ja, ya yi tari, ya kama. Amma ba ta saki makullin ba, ina jin ƙarfe na cin ƙarfe. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, irin wadda ake yi wa karen mota, na ce ke saki mana. Ta saki. Hayaƙi ya taso ta saman katanga, fari da farko, sannan ya washe. Da na dawo hankalina na shiga ba ta haƙuri. Ta ce shekara talatin Alhaji bai taɓa yi mata tsawa irin wannan ba, amma in ci gaba, sai me kuma?

Daga nan kowace Juma'a muna kan waya. Abin da ban zata ba shi ne tambaya. Matar nan ba ta yarda ta taɓa abu sai ta ji dalili. Me ya sa sai injin ya yi zafi, ba a tayar a kashe ba? Wannan na sani: baƙin mai gangarawa yake yi ƙasa in an daɗe, ƙarfen sama ya bushe, kuma in bai yi zafi ba raɓar da ta taru a ciki ba ta ƙonewa. Me ya sa famfo ke tari kafin ruwa ya zo? Iska ce ta shiga. Me ya sa ake zuba ruwa a ban-ɗakin da babu mai shiga? Akwai roba a wuyansa, in ta bushe ta tsage wari ya dawo ɗaki. Esi kuma fa, da damina, wa ke jin zafi? Na ce haka aka ce a yi. Ta ce wannan ba amsa ba ce.

Janareta ya ƙi tashi. Muka yi ta fama, yana ja yana shaƙewa kamar an riƙe masa wuya. Na ce ta duba bakin salansarsa a ƙasan motar. Ta ce a toshe yake da ƙasa, an shafe shi sumul kamar aikin magini. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Da tsinken tsire da ƙotar ludayi ta fasa. Ta ce har da tsutsotsin da ya tara wa 'ya'yansa, ta tsaya tana ba ni labarinsu, ni kuwa katina na ƙonewa.

Wadda ta kayar da ni ita ce ta firji. Firjin Kunkuru ba irin na gida ba ne, da gas na girki yake aiki, ana kunna masa 'yar wuta a baya. Hajiya ta leƙa ta ga harshen wuta shuɗi, ta buɗe gaba ta ji sanyi. Ta ce, "Malam Habu, yaya wuta ke haifar da ƙanƙara?"

Shekara nawa ina kunna wutar nan, ban taɓa tambayar kaina ba. Na ce aikin Turawa ne. Ta ce su Turawan aljanu ne? Abin ya tsaya mini a rai har na kasa cin tuwo. Na tafi wurin Oga Sunday, mutumin kudu mai gyaran firji a bakin kasuwa, wanda ya fi shekara ashirin a garin nan, Hausarsa ta fi ta wasunku. Ya yi mini dariya tukuna, ya ce direba ya zo makaranta. Sannan ya zana mini a ƙasa da sukundireba. Akwai wani ruwa mai wari a cikin bututun, wuta na tafasa shi ya tashi sama ya zama tururi, ya huce ya koma ruwa, in ya zo sake zama tururi a cikin firjin sai ya kwashe zafin da ke wurin ya tafi da shi. Ba sanyi ake kawowa ba, zafi ake sacewa. In an daɗe ba a kunna ba, ko motar ta tsaya a karkace, ruwan ya kwanta wuri ɗaya ya toshe hanya, kuma in ya toshe sai dai a jefar. Ya ƙara mini da na esi: akwai mai a cikin gas ɗinsa da ke jiƙa robobi, in bai zagaya ba su bushe gas ya zurare.

Na kawo wa Hajiya wannan ina jin kaina kamar malami. Ta saurara, ta ce to yanzu ta ji amsa. Sai ta ce zafin da aka sace ina yake zuwa? Na ce ta sa hannu a bayan firjin. Ta sa, ta ce ashe.

Wata Juma'ar injin na ta aiki, ita kuma ta shiga cikin ɗakin motar. Can ta ce ta ga hular Alhaji a rataye, da carbinsa a ƙarƙashin matashi. Ashe tun da aka sayo motar ba ta taɓa shiga ba sai a takabar nan. Ta tambaye ni me yake ci in muna ƙauye, wa ke dafa masa, da wa yake hira. Na gaya mata shi ke dafa shayinsa da kansa, ba ya yarda in taɓa, kuma yakan zauna a bakin ƙofa bayan la'asar yana tsokanar masu auna riɗi. Ta ce a gida ko ruwa ba ya ɗiba da kansa. Ranar mun ƙona mai fiye da ƙa'ida.

Saura abu ɗaya da nake ta kaucewa, wato matsar da motar. Taya in ta daɗe a wuri ɗaya da nauyi irin na Kunkuru, gefen da ke ƙasa lotsewa yake yi ya tsattsage, birki kuma ya yi tsatsa ya kama, balle da damina. Hajiya ce ta tono maganar, ta ce tana jin da can motar na motsi in na zo, me ya sa ita ban ce ta motsa ba? Na ce ranki ya daɗe, tsakanin hancin motar da katanga bai fi tsawon tabarma biyu ba. In kika dake ta, dukiyar marayu ce, kuma bakina ne ya sa ki. Ta ce in tayoyin suka mutu fa, dukiyar wa ce?

Motar mai canza giya da kanta ce, wannan ya taimaka. Na sa ta ta nuna mini da baki wanne ne birki wanne ne totur har na gaji. Na ce kada ƙafarta ta kusanci totur ko da wasa. Ta taka birki, ta ja giya, ta sauke birkin hannu, ta ɗaga ƙafa a hankali. Na ji birkin ya ɓalle da ƙara, tsatsa ta saki. Na ji tayoyi na taka tsakuwa, suna matsowa wajen katangar da nake jingine. Sai a lokacin na tuna cewa in ta rushe katangar a kaina za ta faɗo. Ban tashi ba. Na ce taka. Ta taka, motar ta tsaya, ina jin zafin injin ta cikin bulo.

Baya ne ya ba da matsala. Ta sa giyar baya, ta ɗaga ƙafa, sai na ji rugum, abu ya fashe, kaji suka watse da kuka. Injin na aiki, waya shiru. Na miƙe tsaye ina kiran Hajiya, Hajiya, zuciyata na cewa shi ke nan, tankin ruwa ne ko janareta. Har na kama katanga zan haura, na tuna rantsuwar mutumin nan, na sauko.

Sai na ji dariya. Ba ta waya ba, ta saman katanga. Tana dariya har da tari, matan gidan na taya ta. Randarta ce ta taka, babbar randar da ta zo da ita gidan tun tana amarya. Ta ce kada in damu, ba ta cikin gado. Wata tsohuwa a gidan ta gaya mini daga baya cewa tun rasuwar ba a ga haƙoranta ba sai ranar.

Ta fita takaba, aka girbe gonaki, ranar rabo ta zo. Aka kawo masu kimanta kaya daga Kano. Rantsuwa ta ƙare, na shiga filin a karon farko. Na zagaya Kunkuru ina dubawa: ɓera ya ci wayar fitila ɗaya, ƙarfen baya ya ɗan lotsa wurin randa, shi ke nan. Murɗawa ɗaya ta tashi. Janareta ya ɗauki esi, firji ya yi ƙanƙara a gabansu. Suka sa mata daraja mai nauyi. Alhaji Ƙarami ya dube ni ya gyaɗa kai, iyakar abin da na samu daga gare shi ke nan.

Darajar ce ta kashe ni. Ta yi tsadar da ba za ta shiga rabon mutum ɗaya ba, dole a sayar a raba kuɗin. Wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya saya, da sefa ya biya, ya kuma zo da direbansa, ɗan ƙanwarsa. Ni na zauna na koya wa yaron komai, har da zanen Oga Sunday, yana ta danna waya yana cewa ya gane. Na tsaya a titi ina kallon Kunkuru ta nufi hanyar Babura. Da ta mutu a ƙarƙashin tamfol, wataƙila da an bar ni ina gadin gawarta. Na raya ta, ta tafi da aikina. Babu wanda ya zalunce ni a wannan, shi ya sa abin ya fi ciwo, don babu wanda zan zaga.

Na koma gindin dalbejiyar ƙofar gidana. Tun ina fita tasha neman mota har na daina. Gwiwata ta fara ciwo, na daina aski a kan lokaci, matata ta ce ko magana ta yi mini sai ta maimaita. Ban ƙirga watannin ba.

Wata Alhamis Hajiya ta kira. Ta ce a rabonta ta karɓi tsohuwar fijo ɗin Alhaji mai buɗaɗɗen baya, wadda kowa ya ƙi, tana nan a filin a ajiye. In zo gobe da hantsi in tayar mata, kuma kowace Juma'a haka. Na yi wanka, na je. Filin ya yi faɗi babu Kunkuru, fijo na tsaye a inda take tsayawa. Kafin in buɗe ƙofa na dafa bonet, yadda hannu ya saba. Da zafi. Na duba ƙasa, ga sawun taya sabo, gaba da baya.

Hajiya na zaune a kan tabarma a inuwa tana tsince wake. Na ce ranki ya daɗe, ai motar nan an riga an tayar da ita.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na tayar da ita tun da safe, lafiyarta ƙalau. Kai ne na kwana biyu ban ji ƙararka ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Ni za a mayar abin tayarwa? Na shiga na tayar da motar da ba ta buƙata, na zagaya da ita unguwa na dawo. Ta tambaye ni me ya sa fijo ke da kafireto, wato abin da ke haɗa mai da iska, Kunkuru ba ta da shi, muka kai azahar a kan wannan.

Ita ce ta kai labarina wurin wata ƙawarta da ɗanta ke aiki a Abuja ya bar mota a gida. Daga nan wani mai tafiya Umara, daga nan wani malamin asibiti da aka mayar Dutse. Yanzu gidajen da nake bi sun cika mini mako, Juma'a kuwa ta Hajiya ce, har yau kuma bonet da zafi nake samunsa.

Abin da na koya, ku ji da kyau. Mutanenmu in suna son abu lulluɓe shi suke yi su hana kowa taɓawa, suna ganin sun adana. A mota wannan kisa ne. Hanya ba ta cin mota kamar yadda zama ke cin ta. In an ba ku ajiya, ku tayar ta yi zafi, ku kunna duk abin da ke kunnuwa, ku motsa taya, kuma ku san dalilin kowanne, don wata rana za a tambaye ku a zaure, kuma zagi ba ya karɓo makulli. Sannan in kun ga wani tsohon direba ya daɗe a gindin bishiya, kada ku tsaya tambayarsa lafiya, zai ce lafiya lau. Ku miƙa masa makulli ku ce motarku na wani ƙara da ba ku gane ba. Zai yi muku masifa, amma zai tashi.